Kwali a Hannu, Amma Ina Mulazama?

'Yan uwa, tambayar da ƙannenmu suka fi yi mini a kwanakin nan ita ce: Malam, anya jami'a tana shirya mutum ya fuskanci rayuwa kuwa, ko ɓata shekaru ne kawai? Wasu ma sun riga sun yanke hukunci, wai boko yaudara ce.

Ni ban yarda da wannan hukuncin ba. Likitar da ke karɓar haihuwar matanmu ba a majalisar shayi ta koyo aikinta ba. Imam Gazali ma ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, waɗanda idan al'umma ta rasa masu yin su kowa ya ɗauki laifi. Sai dai jami'a rabin guzuri take bayarwa, mu kuma mun ɗauka duka ne.

Ni Larabci na karanta. Shekara huɗu muna nahawu da sarfu da balaga da adabi, kuma har gobe ina yi wa malamaina addu'a. To amma tun da aka ba ni limanci, babu wanda ya taɓa sallama ya ce in yi masa i'irabin baiti. Masu zuwa su ne miji da mata da saki ya gifta tsakaninsu, da magadan da suka daina gaisawa saboda gida guda, da masu gawa da ke jiran wanka da sutura. Hukuncin duk yana cikin littafi. Amma yadda za ka zauna da dattijo sa'an mahaifinka, ka nuna masa ba shi da gaskiya ba tare da ka ci masa fuska ba, wannan a zauren wani tsohon malami na gan shi, ina rakuɓe a gefe ina kallo.

Wannan zaman shi magabata ke kira mulazama: ka lazimci wanda ya iya, ka ga yadda yake yi. Imam Abu Hanifa ya lazimci malaminsa Hammad kimanin shekara 18, kuma duk da haka yana da shagon yadi a Kufa. Ajin da ɗalibai ɗaruruwa suka cika shi, malami bai san sunanka ba, ka haddace, ka juye a jarrabawa, ka manta, ba zai ba ka wannan ba. Ko watannin da ake tura ɗalibai koyon aiki, wasu sa hannu kawai suke nema a littafi su dawo gida. Wa suka cuta?

Ku tuna 2022, da ASUU ta yi yajin aiki daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur. Wasu sun shiga Farm Centre a Kano sun koyi gyaran waya, wasu sun bi 'yan uwansu Kantin Kwari, wasu sun tafi Panteka a Kaduna. Wasu kuwa a musun ƙwallo watannin suka ƙare musu. Aji ɗaya suke, kwali iri ɗaya aka ba su, amma yau ba ɗaya suke ba.

Abin da ke hana mu, mu faɗi gaskiya, girman kai ne. Wai ni mai digiri zan zama yaron shago? Ya ɗan uwa, Annabi Zakariyya (AS) kafinta ne, Annabi Dawud (AS) sulke yake ƙerawa. Abdurrahman bin Auf (RA) da ya isa Madina ba shi da komai, Sa'ad bin Rabi'i ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai ya yi masa addu'a ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Iyayenmu kuma, don Allah ku daina jin kunyar a ga ɗanku ɗan jami'a da baƙin mai a hannu, ko 'yarku a kan keken ɗinki lokacin hutu.

Akwai kuma giɓin da ya fi damuna. Yaro ya gama digiri da sakamako mai kyau, amma bai san bashin da ake ba shi ta waya da ƙari riba ne ba, yana ganin cacar ƙwallo dabara ce, bai san yaushe zakka ke hawa kansa ba. An ruwaito Sayyidina Umar (RA) ya hana wanda bai fahimci addini ba yin ciniki a kasuwa. Babu sashen da zai koya wa ɗalibin injiniya wannan, sai ya tako masallaci da ƙafarsa.

Don haka daga Asabar mai zuwa, in sha Allahu, za mu fara babin ciniki na Risala bayan Magariba. Ɗaliban da ke hutu su zo da littafin rubutu, 'yan uwa mata kuma an tanadar musu wuri. Allah Ya yi wa karatunmu albarka, Ya buɗa wa masu neman aiki ƙofar halal.