Shin Otal Ya Sauke Mana Haƙƙin Baƙo?

Da misalin ƙarfe tara na dare, ɗan kasuwar da ya taso daga Maraɗi ko Yola don sarin atamfa a Kantin Kwari da ke Kano yakan sauka a tasha, ya tsayar da Adaidaita Sahu, ya ce a kai shi masauki mai ɗan dama-dama. Ba na manyan 'yan siyasa yake nema ba, ba kuma na lungu ba. Tsakanin Fagge da Sabon Gari da Bompai irinsu ba sa ƙirguwa: bene hawa biyu ko uku, janareta na ruri a bayan gini, mai shayi ya kafa teburi a bakin ƙofa.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Kwana nawa za a yi?" in ji yaron da ke kan kanta. A miƙo takarda ya rubuta suna da lambar waya, a duba katin shaida, ya tura kuɗi, a ba shi mabuɗi. "Ƙarfe goma sha biyu na rana ake sakin ɗaki, ranka ya daɗe." Shi ke nan. A ɗakin akwai gado mai farin zani, na'urar sanyaya iska, buta a banɗaki, wani lokaci har da 'yar kibiya a jikin silin mai nuna alƙibla. Babu wanda ya tambaye shi yadda ya baro iyali.

Kakansa bai san wannan ba. A zamanin fatake, ayarin da ya iso Kano yakan yada zango a Fagge, kuma kowane falke yana da maigidansa. Haka abin yake har Salaga da Kumasi, inda unguwannin Hausawa suke amsa sunan zango har gobe. Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda maigida ke bai wa mai shanun da ya zo daga Arewa wurin kwana da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan mahauci ya ɗauki shanu bashi. Ba don Allah kaɗai ake yi ba, akwai la'ada a ciki. Amma baƙo yana da wanda zai ce "nawa ne" idan magana ta taso.

To yanzu da gado ya zama abin saye a kusa da kowace tasha, me ya rage a wuyan mutanen gari?

Tambayar ba sabuwa ba ce, kuma abin sha'awa shi ne malaman mazhabar da Hausawa ke bi sun daɗe da taɓa ta. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ɗaure girmama baƙo da imani da Allah da Ranar Lahira, ya kuma iyakance liyafa da kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ne. Malamai suka saɓa kan ko wajibi ce. Laisu ɗan Sa'ad, malamin Masar, ya ce wajibi ce yini da dare ɗaya. Mafi yawa suka ce sunna ce mai ƙarfi. Imam Malik kuwa an ruwaito yana ganin nauyin yana kan mutanen karkara ne, ba mazauna birni ba, sai Sahnun na Ƙairawan, mai Mudawwana, wanda ya rasu a shekara ta 240 bayan Hijira, ya faɗi dalili: a birni akwai masaukin haya da matafiyi zai sauka. Ƙurɗubi ya kawo wannan a tafsirinsa, daidai inda Suratu Hud ke ba da labarin Annabi Ibrahim, Alaihis Salam, da gasasshen ɗan maraƙin da ya gaggauta kawo wa baƙinsa. Wasu magabata ma sun fassara gidajen da ba kowa ke zaune a cikinsu ba, waɗanda aya ta 29 a Suratun Nur ta halatta shiga, da masaukan kan hanya.

Saboda haka mai ganin otal baƙuwar al'ada ce da ta zo ta kashe karamci, ya yi gaggawa. Musulmi sun san masaukin haya fiye da shekara dubu. Kuma a faɗi gaskiya, otal rahama ne ta fuskoki da dama. Ma'aikacin da ke haya a ɗaki biyu da mata da 'ya'ya biyar, ina zai sa baƙo namiji? Zaurukan da aka saba shimfiɗa wa baƙi tabarma sun koma shaguna ko garejin mota. Shi kansa baƙon, hadisin ya hana shi zaman da zai ƙuntata wa mai gida, kuma da yawa sun fi son su biya kuɗinsu su kwana da mutuncinsu, su kama motar asuba ba tare da sun tashi gidan wani ba. Matar da ta zo jarrabawa ko ganawar neman aiki, ɗaki mai kulle a kusa da tasha ya fi mata kwanciyar rai fiye da gidan ɗan'uwan da ba ta taɓa gani ba.

Amma akwai sharaɗin da ke kwance a ƙarƙashin maganar Sahnun, kuma shi ne wanda ake yawan tsallakewa. Masauki yana sauke nauyi ne a kan wanda zai iya shiga cikinsa. Malikawa da kansu sun ce idan matafiyi ya kai ga lalura, ciyar da shi da ba shi mafaka wajibi ne a kan wanda ya san halinsa, a birni yake ko a ƙauye. Kuma biranen Musulunci na da ba su bar lamarin ga kasuwa kaɗai ba. Sultanhani, babban zangon da Sarkin Saljuk Ala'uddin Kaikubad ya gina a 1229 a kan hanyar Konya zuwa Aksaray a ƙasar Turkiyya ta yau, da ire-irensa, waƙafi ne ke ɗauke da su, matafiyi ya kwana uku shi da dabbarsa ba a karɓi ko sisi ba.

A zagaya tashar Unguwa Uku ko ta Naibawa ko ta Ƙofar Ruwa bayan sha biyun dare. Ga wanda mota ta lalace musu a hanya suka iso a makare, ga wanda aka yanke wa aljihu, ga dattijon da ya kawo mara lafiya asibiti kuɗin magani ya cinye na masauki. Suna kwance a kan benci ko kwali, jaka a ƙarƙashin kai, takalmi a hammata, alhali fitilar otal na haskawa a tsallaken titi. Da, masallaci ne mafakarsu. Matsalar tsaro da satar amsa-kuwwa da batir sun sa yanzu masallatai da yawa ana rufe su bayan lisha. Ba wanda ya kore su, domin ba wanda suka iya tunkara. A Suratul Kahfi, mutanen garin da suka ƙi saukar Annabi Musa da Halliru aƙalla an roƙe su suka hana. Mazaunin birnin yau ba a ma iso ƙofarsa ba, kuma wannan ne ya sa lamarin ya fi wuyar gani.

Akwai kuma abin da ko mai kuɗin ɗaki ba ya samu. Otal na sayar da gado da ruwan zafi, ba ya tsaya wa mutum. In zazzaɓi ya kwantar da Alhajin nan na Maraɗi cikin dare, ko wani ya damfare shi a kasuwa, yaron kanta ba shi da hurumi. Shi ya sa gogaggun 'yan kasuwa har yau suke haɗa biyu: su kwana a otal, amma kayansu da amanarsu suna hannun wani maigida a kasuwar Kwari ko ta Singa, wanda zai aiko da tuwon dare a kwanon samira, ya kuma kira da safe ya ji yadda aka tashi. Wannan rabon ya yi daidai da ruhin hadisin, domin girmamawa aka yi umarni da ita, ba a ce lallai sai a ƙarƙashin rufinka ba. Wanda ya kama wa baƙonsa ɗaki ya biya, ya je ya zauna da shi suka ci abinci, ya raka shi tasha, ya yi liyafa. Wanda ya tura masa sunan otal ta waya ya kashe wayar, bai yi ba.

Saura na kan benci. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta sa matafiyin da guzuri ya yanke wa cikin mutum takwas da ake bai wa zakka, kuma malamai sun ce ana ba shi ko da mawadaci ne a garinsu. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, tana da attajiran da ke gina masallaci a kan layin da akwai wasu biyu. Ɗakuna goma na waƙafi a bayan kowace babbar tasha da babban asibiti, da mai gadi da rajista irin ta otal don maganin tsaro, ba su kai kuɗin hasumiya ɗaya mai tayil ba. Shugabannin ƙungiyar direbobi sun san wanda ya kwana a tasharsu jiya, kuma su ne za su fara nuna inda ya dace a sa tubalin farko.