Shin Haƙuri Shi Ne Yin Shiru A Kan Zalunci?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, sau da yawa idan aka zalunci mutum, musamman mace, sai a ce da ita ta yi haƙuri, alhali kuwa abin da ake nufi shi ne ta yi shiru. To, shin wannan shi ne haƙurin da shari'a ta yaba? Tarihin Hajiya Betty Shabazz, matar marigayi Malcolm X na ƙasar Amurka, yana da amsa ga mai hankali.

Wannan baiwar Allah ta tashi ne a birnin Detroit, a hannun waɗansu mata da miji da suka riƙe ta. Da ta tafi karatu makarantar Tuskegee a jihar Alabama, sai ta ga wariyar launin fata ido da ido. A kantunan can, baƙar fata ba ya samun mai sauraronsa sai an sallami Turawa duka. Da ta kai kuka gida, sai mariƙanta suka nuna mata ta yi shiru, abin zai wuce. Ita kuwa zuciyarta ba ta karɓi wannan ba. Ta koma Niyok koyon aikin jinya, can ma ta tarar ana ɗora wa baƙaƙen ma'aikata ayyukan da Turawa suka ƙi.

A shekarar 1956 ta shiga ƙungiyar Nation of Islam, ta auri Malcolm X a 1958. A tsarin wannan ƙungiya miji ne ke da magana, mace sai bi, watau bayan raini saboda launinta, ga kuma ƙuntatawa saboda ita mace ce. A 1964 ita da mijinta suka bar ƙungiyar, suka kama tafarkin Sunna.

Jarrabawa mafi girma ta zo a watan Fabrairu na 1965. Ranar 14 ga wata aka cinna wa gidansu wuta. Ranar 21 ga wata aka harbe mijinta yana kan jawabi, a gaban idonta da na 'ya'yanta mata, tana kuma ɗauke da cikin tagwaye. Ba gida, ba dukiya, ga marayu shida duk mata. Bayan 'yan makonni ta tafi aikin Hajji, ta dawo da ƙarfin zuciya.

A nan ne mai karatu zai ga ma'anar haƙuri. Da ta so, da ta zauna tana cin albarkacin sunan miji har mutuwa, ba wanda zai zarge ta. Amma sai ta koma makaranta. Tun daga 1972, kowace Litinin takan tuƙa mota daga garin Mount Vernon zuwa Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, ta komo wajen 'ya'yanta ran Laraba da dare. A 1975 ta sami digirin dakta a fannin ilmi, a 1976 kuma ta zama malama a Kwalejin Medgar Evers da ke Brooklyn, inda ta yi aiki fiye da shekara 20.

Malamai sun kasa haƙuri gida uku: haƙuri a kan yi wa Allah ɗa'a, da haƙurin barin saɓo, da haƙuri a kan ƙaddara mai ɗaci. Babu yarda da wulaƙanci a cikin ukun nan. Mutuwar miji ƙaddara ce, ta karɓa. Raina mutum saboda fatarsa ko don ita mace ce kuwa aikin mutane ne, kuma abin da mutane suka ƙulla, mutane na iya kwance shi. Wanda ya gama waɗannan biyun wuri ɗaya, ya ce duk ƙaddara ce, haƙiƙa ya sauke wa azzalumi nauyin laifinsa.

Wani zai ce, ai tun da ta yi nasara, ashe ƙofar a buɗe take, sauran ne ba su yi ƙoƙari ba. Wannan magana ba ta da ƙafa. Mata nawa ne masu basira irin tata suka sare a hanya, ba wanda ya san sunansu? Ita kanta ba ta yi tafiyar ita kaɗai ba, domin abokan arziki irin su Ruby Dee sun tara kuɗi aka saya mata gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka duk mai cewa mace ta yi haƙuri, ya fara tambayar kansa: me ya yi don ya kau da abin da ke cutar ta?

Hajiya Betty ta rasu ranar 23 ga Yuni, 1997, sakamakon ƙunar gobara, aka binne ta kusa da mijinta. Allah Ya jiƙan ta, Ya ba marayu da gwauraye mataimaka na gari, amin.