Gini da Haƙƙin Maƙwabci: Ina Ruwan Zai Bi?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa mana ƙasa, Ya saukar da ruwa bisa gwargwado. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da masu bin su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan uwa Musulmi, muna yi wa kanmu wasiyya da tsoron Allah, sannan muna yi muku.

Duk wanda ya bi ta bayan kasuwa a watannin nan ya ga katangar kwano da aka kewaye fadamar nan da ita, ya kuma ga tifofi suna shiga da yashi dare da rana. Katafaren gini ake shirin tayarwa, shaguna a ƙasa, gidajen haya a sama. Da yawa daga cikinmu mun yi murna, kuma abin murna ne: wasunmu sun ba da kafin alƙalami na shago, matasanmu sun samu aikin lebura da gadi, direbobinmu suna samun lodi. Amma kun ga abin da ya faru a ruwan da aka yi makonni biyu da suka wuce. Ruwa ya shiga gidajen layin ƙasa har gwiwa, buhunan masu hatsi sun jiƙe, mu ma nan sai da muka naɗe darduma muka yi Asuba a barandar sama. A da ruwan unguwar nan fadamar yake gangarawa ya kwanta. Yanzu an cike rabinta. To ina zai je?

Wani zai ce, wannan ai maganar injiniyoyi ce da gwamnati, me ya kawo ta takardar masallaci? Amsar ita ce, addininmu ya riga injiniyoyi magana a kanta. A Suratu Hud, aya ta 61, Allah Ya tuna wa mutanen Annabi Salihu cewa daga ƙasa Ya halicce su, kuma Ya ɗora musu raya ta. Gini ba laifi ba ne ke nan, raya ƙasa aikin ɗan Adam ne. Amma a Suratul A'araf, aya ta 56, Ya hana a ɓata ƙasa bayan an gyara ta, a Suratur Rum kuma, aya ta 41, Ya jingina lalacewar tudu da teku ga aikin hannun mutane. Mu da muke zaune a Legas, tsakanin tudu da teku, wannan ayar kamar da mu take.

Akwai kuma hadisin nan da ya hana cuta da cutarwa, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, shi ne na 32 a Arba'una Hadisi da yaranmu suke haddacewa a Islamiyya. Malaman mazhabarmu sun gina hukuncin gine-gine a kansa. Wanda ya karanta Risala a zaure zai tuna mai littafin ya hana mutum buɗe tagar da za ta leƙa gidan maƙwabci, ya kuma hana shi haƙa abin da zai cuci maƙwabcin ko da a cikin filinsa ne. Ku lura da wannan: ko da a filinsa ne. Takardar mallaka ba ta halatta cutarwa. A Muhtasar kuma an yi bayanin hurumi: rijiya tana da huruminta, bishiya tana da nata, gida ma yana da hurumin inda zai zuba ƙasarsa da inda indararonsa zai zuba ruwa. Ashe tun ɗaruruwan shekaru malamanmu suke tambayar da muke yi yau.

Bari mu ɗan duba yadda abin yake. Legas gari ne a kwari, wurare da yawa kusan tsayinsu ɗaya da teku, ruwan saman da ake yi a nan kuma ya kai kusan ninki biyu na wanda ake yi a Kano. Fadama tana shanye ruwa ta riƙe shi, ta sake shi a hankali. In aka cike ta da yashi, aka malale da siminti, aka rufe sama da kwano, ruwan da a da yake nutsewa sai ya taru lokaci ɗaya ya nemi mafi ƙasƙancin wuri. Mafi ƙasƙancin wuri kuwa gidan talaka ne, domin mai kuɗi ya ɗaga harsashinsa. Mutanen Lekki da Victoria Island sun ga haka a watan Yuli na 2017, lokacin da tituna suka koma kogi. Mu ma a gida mun gani: kududdufan Kano da aka cike aka yi gini a kai, da ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta lalata atamfofi da shaddoji, aka kuma koma ana nuna gine-ginen da aka ɗora a kan magudanan ruwa.

Ko babban aikin Eko Atlantic, inda aka yaso yashi daga teku aka yi sabuwar ƙasa a wurin tsohuwar Bar Beach, aka kare ta da katangar duwatsu mai tsawon fiye da kilomita 8, bai tsira daga wannan tambaya ba. Katangar ta kare abin da ke bayanta. Amma mazauna ƙauyukan gaɓa na gabas da ita, irin su Okun Alfa, suna kukan teku na cin ƙasarsu. Wasu suna ɗora wa aikin wani kaso na laifin, masu aikin kuma suna musantawa. Ba hukunci muke yankewa ba. Darasin dai shi ne, in ka tare ruwa a nan, wajibi ne ka tambayi wa ke zaune a can.

Dokar ƙasa ma ta san da wannan. Tun 1992 akwai doka mai lamba 86 da ta wajabta wa manyan ayyuka binciken illar da za su yi wa muhalli kafin a fara, kuma ana baje rahoton na kwanakin aiki 21 domin jama'a su duba su faɗi ra'ayinsu. A jihar nan akwai LASEPA mai kula da gurɓacewar iska da ƙara, da LAWMA mai kula da shara, da LASBCA mai sa ido a kan gine-gine. Tambaya ba rashin kunya ba ce, haƙƙi ne.

Saboda haka kwamitin masallaci, tare da Sarkin Hausawanmu da Baale da ƙungiyar masu gidaje ta unguwa, sun nemi zama da masu aikin. Ba da faɗa za mu je ba. Ga abin da za mu roƙa:

Na farko, a gina babbar magudanar ruwa kafin a ɗora bulo ɗaya, a haɗa ta da kwatar gwamnati, a kuma bar ragowar fadamar ta zama matattarar ruwa. Tun ran gini, tun ran zane. In an gama bene ba a rushe shi don kwata.

Na biyu, kada a malale harabar duka da siminti. A sa intalok mai barin ruwa ya nutse, a bar fili na ciyawa da bishiyoyi, a sa tankunan tara ruwan rufi don wanki da bayan gida. Kowace lita da ta shiga tanki, lita ce da ba ta shiga ɗakin wani ba.

Na uku, ƙura da ƙara. A riƙa yayyafa ruwa a hanyar tifofi, a rufe lodi da tamfol, a daina buga ƙarafan harsashi da tsakar dare. Muna da tsofaffi masu asma da jarirai a layin da ke jikin katangar.

Na huɗu, ɓaraguzai da ragowar kankare kada a juye su a kwata ko bakin hanya. A ware rodi da katako da fasassun bulo, ai muna da 'yan jari bola da za su saya, fasasshen bulo kuma ana cike hanya da shi.

Na biyar, a nisanta ramin sokawe daga rijiyoyi da bohol na maƙwabta, aƙalla mita 30 kamar yadda ma'aikatan lafiya suke ba da shawara. Ruwan ƙasan Legas kusa yake, ƙazanta ba ta wahalar isa gare shi, kwalara kuma ba ta tambayar ƙabila.

Na shida, a tsara shagunan da tagogi da hanyar iska, a tanadi wutar sola ko janareta guda babba a keɓantaccen wuri. Mun san fulazar da kowane shago yake da ɗan janaretansa a bakin ƙofa, mun san ciwon kan da ake tashi da shi, mun kuma sha jin iyali sun kwanta ba su farka ba saboda hayaƙinsa.

To amma, jama'a, kafin mu je da wannan takarda, sai mun duba tamu rigar. Da wace fuska za mu ce kada a toshe kwata, alhali ledar fiyawatarmu da ɓawon albasarmu da kashin dabbobinmu ne suka cika ta? Gwamnatin jiha ta haramta farar robar zuba abinci tun watan Janairu na 2024, amma har yau ana ganin ta a bayan rumfunanmu. Safiyar Alhamis da aka ware don tsaftar kasuwa, wasunmu sai su rufe shago su zauna shan shayi har ƙarfe goma ta buga. Wallahi wannan bai dace da mu ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya a cikin rassan imani, ya kuma gargaɗe mu game da ɓata hanyar mutane da inuwarsu, domin yana jawo tsinuwa.

Ɗan uwa direban tifa, in aka ce ka juye ɓaraguzai a magudanar ruwa da daddare a ƙara maka wani abu, ka sani kana da kaso a duk katifar da ta jiƙe. Ɗan uwa mai gadi, in ka ga ana karkatar da ruwan gini zuwa layin mutane, ka faɗa. Alhaji mai sayen shago, kuɗinka yana da baki: kafin ka cika ragowar, ka tambayi ina kwata, ina wurin shara, ina makewayi. In masu saye ashirin suka yi tambaya iri ɗaya, ɗan kwangila zai ji. Iyayenmu mata kuma, a taimaka a hana yara zuba shara a kwata in hadari ya haɗo, da sunan ruwa zai tafi da ita. Ba ya tafiya da ita ko'ina sai ƙofar wani.

Mu tuna kuma yawancin gidajen layin ƙasa na maƙwabtanmu Yarbawa ne da Ibo, Musulmi da Kirista. Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado, kuma malamai sun ce wanda ba Musulmi ba ma yana da haƙƙin maƙwabtaka. Mu baƙi ne da suka zama 'yan gari. A nan muke nema, a nan 'ya'yanmu suke karatu, da halinmu ake auna addininmu. In aka ga Bahaushe ne kan gaba wajen yashe kwata, wannan wa'azi ne da ba ya bukatar lasifika.

Mu ma masallaci mun ɗauki namu. Ruwan alwala da yake malala titi za a yi masa bututu zuwa kwata, famfunan da ke ɗiga za a canza su. Annabinmu da mudu guda, wato cikin tafin hannu biyu, yake alwala, mu kuwa sai mu saki famfo muna gaisawa. Za kuma mu shuka bishiyoyi a gefen katanga, muna kwaɗayin ladan da aka yi alkawari ga wanda ya dasa itace mutum ko tsuntsu ko dabba ya amfana da shi.

Gobe Asabar bayan sallar Asuba za a yi gayyar yashe kwatar layin masallaci, mai shebur ya zo da shebur, mai baro ya zo da baro. Duk wanda ruwa ya yi wa ɓarna ya ba ladan sunansa da bayanin asararsa kafin Laraba, domin a tafi da hujja a hannu. Wanda yake da hoto ko bidiyo a wayarsa ya nuna wa sakataren kwamiti.

Allah Ya sa mu zama masu gyara, kada Ya sa mu cikin masu ɓarna. Allah Ya ba mu ruwa mai albarka, Ya kare mu daga na halaka. Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ya shiryi masu gini da masu mulki zuwa ga adalci, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.