Akwatin Sifika da Haƙƙin Wanda Bai Nema Ba

Sana'ata kafinta. A Sabon Gari nake aiki, a Shika nake kwana. Cikin abin da nake haɗawa har da akwatin wufa, sifikar nan mai ƙugi da matasa ke so a ɓoye musu a bayan kujerar Keke Napep, ko ƙarƙashin kujerar bas, ko a lungun but ɗin Golf. Tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya ita ce: in sautin akwatin ya cuci wani, ina da kaso a alhakin, ko nawa ya ƙare tun ranar da na karɓi ladan aikina?

Abokan sana'a ba sa wahalar amsawa. Sukan ce maƙeri ba ya tambayar mai sayen wuƙa abin da zai yanka. Akwatin da ya fitar da waƙar biki da dare shi ne zai fitar da karatun Alƙur'ani da asuba, katako kuwa ba shi da niyya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan kiɗa, ba ni zan raba gardamar ba. Damuwata ba abin da aka kunna ba ne, ƙarfinsa ne, da kunnen wanda ya faɗa.

Wanda bai taɓa wannan aiki ba zai ɗauka akwatin ado ne. Wufa tsirararta ba ta ƙugi, domin fatarta in ta tura iska ta gaba tana janye ta ta baya, sai biyun su kashe juna. Akwati shi ke raba su. Akwai rufaffe ruf, wanda wani Ba'amurke mai suna Edgar Villchur ya fito da dabararsa a 1954. Yana shiga ƙaramin wuri, sautinsa a tsare yake. Akwai kuma mai bututu, wanda ya fi cin wuri, ya fi rugugi. Yawan litar iskar da ke ciki da tsawon bututun su ke yanke irin ƙugin da zai fito. Wa ke auna su? Ni ne, da tef da zarto. Mai aikin ma ba ya ɓoye nufinsa. Wani saurayi ya ce mini, "Baba, so nake in na taso daga Kwangila, 'yan PZ su san na taso." Bayan wannan magana yaya zan ce ban sani ba?

A mazhabarmu ta Malikiyya an hana sayar da inabi ga wanda ka san giya zai matsa, alhali inabi halal ne. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare haddi. Abin da na fahimta daga karatun zaure shi ne, alhakin mai sana'a yana tafiya ne gwargwadon saninsa. Mai sayar da katako bai san abin da zan yi da shi ba. Ni na sani.

Na kuma san hanyar. Motar da ta tashi daga Sabon Gari ta bi Kwangila da Palladan da Samaru, da yawan fasinjanta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka nufa a Shika. Tsohuwa mai hawan jini, uwa da jariri a goye, wanda aka yi wa tiyata zai koma a duba ɗinki. A Keke Napep direba yana gaba, akwatin yana jingine da bayan fasinja. Wanda ya biya kuɗin sautin shi ya fi kowa nisa da shi, wanda bai nema ba shi ke zaune a kansa. Ƙugi kuma ba a kauce masa da juya kai. Sautin da ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa tsawon igiyarsa ya kusa mita 7, ya fi keken kansa, yana ratsa katako da ƙarfe har a ji shi a ƙirji.

Shi ma direban bai tsira ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da illa ba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Najeriya tana da dokar ƙayyade hayaniya tun 2009 a hannun hukumar NESREA, amma babu jami'in da zai shiga kowane keke da na'urar awo. Saura tsoron Allah.

Wani zai ce shi karatu yake sawa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana i'itikafi ya ji sahabbai suna ɗaga murya da karatu, ya ɗaga labule ya hana su cutar da juna da shi. A masallaci ke nan, tsakanin waɗanda ibada ta tara. Ina ga motar haya, inda ake ta cinikin canji karatun yana tashi babu mai saurare?

Shi ya sa in motar haya ce, rufaffen akwati nake yi, sifika inci 8, in roƙi mai haɗa waya ya sa maɓallin ragewa kusa da hannun direba. Mai bututu babba ba na yi musu. Wasu sun fice sun kai aikin gaba, kuma rashin kuɗin yana taɓa cefanen gida. An ce mini ai wani zai yi. Haka ne, amma ba za a tambaye ni aikin wani ba.

'Ya'yana direbobi, in kun wuce Samaru kun doshi Shika, ku waiwaya ku dubi wanda kuka ɗauko kafin ku murɗa. Kai kuma fasinja, kuɗin motarka ka biya, kana da ikon cewa, "Malam, don Allah a rage."