Umarnin Ɗan Sanda da Wanda Hankalinsa Ya Gushe

Duk umarnin da ɗan sanda yake bayarwa a bakin titi ya ginu ne a kan zaton cewa wanda ake yi wa magana ya fahimta, kuma yana da ikon zaɓar ya bi ko ya ƙi. Wannan zato yana rushewa a gaban mai gigin tsufa, wato lalacewar ƙwaƙwalwa da ke cinye tunani da gane wuri da iya magana a hankali a hankali, wadda cutar Alzheimer ce mafi yawan sanadinta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da ita sun haura miliyan 55. Irin wannan mutum yana iya fita daga kanti da kaya bai biya ba, ko ya fizge hannunsa idan aka riƙe shi, alhali tsoro ne ya kama shi, ba taurin kai ba.

Malaman usulul fiƙhu sun daɗe da bambance cancanta iri biyu: ta mallakar haƙƙi, wadda ɗan Adam ke da ita muddin yana raye, da ta zartar da aiki, wadda ta rataya a kan hankali. Idan hankali ya gushe, taklifi, wato ɗora wa mutum nauyin umarni da hani, yana faɗuwa, amma mutuncinsa da jininsa suna nan daram. Ba su kuma bar mai kaya ya yi asara ba, domin sun ce abin da marar hankali ya lalata ana biyansa daga dukiyarsa, ba tare da an hukunta jikinsa ba. Dokar Ingila ta kai ga makamancin wannan a ƙa'idar M'Naghten ta 1843, sai dai uzurin gushewar hankali a gaban alƙali ake kawo shi, bayan ankwa ta riga ta yi aikinta.

A nan ne horon da ake ba 'yan sanda ya zama batun adalci. A 2020, a garin Loveland na jihar Kolorado a Amurka, an kama wata tsohuwa 'yar shekara 73 mai wannan lalura saboda kayan da ba su kai dala 14 ba, aka kayar da ita har kafaɗarta ta goce. Daga baya garin ya biya diyyar dala miliyan 3, aka kuma ɗaure jami'in da ya kama ta. Abin da ake koya wa jami'ai ba shi da wuya: su tunkari mutum ta gaba, su faɗi ko su wane ne, su yi tambaya ɗaya a lokaci ɗaya su jira amsa, su kashe jiniya, su lura da tufafin da bai dace da yanayi ba.

Akwai mai cewa ɗan sanda ba likita ba ne, kuma mai laifi na iya fakewa da ruɗewa. Maganar tana da ƙarfi, amma ba a nemi jami'i ya tantance cuta ba, an nemi ya jinkirta amfani da ƙarfi ne inda babu hatsari, tun da kuskuren sassauci ana gyara shi gobe, karayar ƙashin tsohuwa kuwa ba lallai ta warke ba. A Nijeriya da Gana lamarin ya fi tsanani, domin tsohuwar da ta ɓata hanya tana sambatu takan faɗa hannun taron da ke kiranta mayya, kuma jami'in da ya fara isowa ne zai raba ta da su ya nemo danginta.