Macijin Tagulla

Wata rana da almuru aka kira ni gidan wata dattijuwa, 'yar zumuntar mata, wadda ba a taɓa rasa ta a addu'ar asuba ba. Jikanta ne zazzaɓi ya kayar. Da na ɗaga rigar yaron domin in ji zafin jikinsa, sai na ga ɗan gicciye rataye a wuyansa, a ƙugunsa kuma ga laya biyu an ɗinke da jar fata. Tsohuwar ta sunkuyar da kai, ta ce, "Fasto, kada ka ga laifina. Uku na binne daga gidan nan. Cewa na yi in wannan bai kama ba, wancan ya kama."

Ban tsawata mata ba a daren. Muka yi addu'a, muka ɗauki yaron zuwa asibiti. Amma maganarta ta bi ni har gida, ita ce kuma na kawo maka, ya kai mai karatu, domin mu auna ta tare: mene ne ainihin tsafi, me kuma ya rage nasa a cikinmu, mu da aka yi wa baftisma?

Kalmar "arne" tana da ɗaci a kunnenmu, gama an sha jifan mu da ita. Saboda haka mukan yi saurin ture ta zuwa kan wasu: kakanninmu, ko 'yan bori, ko mutanen wani ƙauye na bayan dutse. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bari mu fara duba addinin kakanni da idon adalci. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe, wanda yakan hau Dutsen Dala ya kawo wa jama'a saƙon Tsumburbura. Maguzawa kuwa ba su musunta cewa akwai Allah ba. Sun dai ɗauka ya yi nisa, sai suka koma ma'amala da iskoki, waɗanda suke kusa, a gindin tsamiya da bakin rijiya da cikin gona. Kowane iska da irin dabbar da yake so da launinta. Ka zubar masa da jini, ya bar maka gero da 'ya'ya. Ka manta da shi, ya taɓa ka. Mutanen nan ba wawaye ba ne. Fari suke tsoro, da annoba, da mutuwar jarirai, abubuwan da har yau suke hana mu barci. Zuciyar tsafi ke nan: tsoro, da ciniki da abin da ake tsoro, domin a riƙe linzaminsa.

Ikkilisiya ta daɗe tana fama da tambayar abin da za a yar da abin da za a riƙe. A shekara ta 601, Giregori, bishop na Roma, ya aika wa masu bishara a Ingila cewa kada su rushe ɗakunan tsafi. Su fitar da gumakan, su tsarkake ginin, jama'a su ci gaba da zuwa wurin da suka saba, amma domin sujada ga Allah na gaskiya. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, Bonifas ya ɗauki gatari a ƙasar Jamus ya sare wani babban itace da ake bauta wa, mutane suna kallo suna jiran aradu ta faɗa masa, ba abin da ya same shi. Wa ya yi daidai? A ganina dukansu biyu. Ginin ba shi da laifi, sai aka bar shi. Itacen kuwa tsoro ya ɗaure zukata a jikinsa, sai da aka sare shi kafin su kuɓuta.

Ka lura, har yau muna cewa Janairu da Maris, alhali sunayen gumakan Romawa ne asalinsu, ba kuwa wanda ya zama mai bautar gunki don ya rubuta kwanan wata. Manzo Bulus ma, da ya tsaya a Tudun Arasa a Atina (Ayyukan Manzanni 17), ransa ya ɓaci da yawan gumakan birnin, duk da haka daga bagadinsu ya fara wa'azi, har ya kafa hujja da mawaƙansu. Da aka kammala Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, da kalmomin da kakanninmu suka yi magana aka rubuta shi. Don haka ganga, da gayya, da girmama tsofaffi, da kawo damin dawa majami'a lokacin godiyar kaka, da sanin ganyen da yake maganin ciwo, kyautai ne na Mahalicci. Wanda ya ce sai ka zubar da su kafin ka zama mai bi ya ɗora maka kayan da Almasihu bai ɗora ba.

Haɗarin yana wani wuri dabam. A jeji, da macizai suka sassari Isra'ilawa, Ubangiji ne da kansa ya umarci Musa ya ƙera maciji na tagulla, wanda aka sara ya dube shi ya rayu (Littafin Ƙidaya 21). Bayan ɗaruruwan shekaru sai ga jikokinsu suna ƙona wa macijin nan turare, har sarki Hezekiya ya farfashe shi (2 Sarakuna 18:4). Abin da Allah ya bayar domin a ɗaga ido gare shi, shi ne ya tare ido daga gare shi. Haka kuma a zamanin Eli suka ɗauko akwatin alkawari zuwa bakin dāga kamar wanda ya ɗaura guru, ba tare da tuba ba. Filistiyawa suka ci su, suka tafi da akwatin (1 Sama'ila 4).

To, ɗan'uwana, mu shigo gida. Kwalbar man da aka saya da tsada domin an ce wane ya yi addu'a a kanta, mene ne bambancinta da ƙullin boka? Littafi Mai Tsarki da ake turawa ƙarƙashin matashi don ya kori mugun mafarki, ba a kuwa buɗe shi da rana, ba laya ce mai bango ba? Wanda ya ba da baiko yana lissafin ribar da dole Allah ya mayar masa, da wanda ya yanka jan zakara a gindin kuka, cinikinsu iri ɗaya ne. Mafi muni, akwai masu kiran kansu annabawa da sukan nuna wata gwauruwa ko wani maraya su ce shi ne mayen gidan, a kore shi da sunan Yesu. An gudu ba a tsira ba. Siman mai sihiri ya karɓi baftisma a Samariya, amma da ya miƙa kuɗi don ya sayi ikon Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya nuna masa cewa zuciyarsa ba ta miƙe a gaban Allah ba (Ayyukan Manzanni 8).

Ga ma'aunin da nake ba ka. Kowace al'ada, tsohuwa ko sabuwa, ta ƙauye ko ta majami'a, ka tambaye ta: tana sa in miƙa wuya ga nufin Allah, ko kuwa tana yi mini alkawarin tanƙwara Allah zuwa nufina? Zan iya yin ta da rana tsaka a gaban 'yan'uwa, ko sai a ɓoye ƙarƙashin riga? In an raba ni da ita, bangaskiyata za ta tsaya? Tsafi yana neman hanyar da zai sa a yi abin da mutum yake so. A Getsamani kuwa Ubangijinmu ya roƙi a ɗauke masa ƙoƙon wahala, sa'an nan ya zaɓi nufin Uba a kan nasa. Jinin da kakanninmu suka yi ta zubarwa don su sayi kwanciyar rai, Allah da kansa ya biya abin da ya fi shi a kan gicciye, sau ɗaya tak. Wanda aka fansa kyauta ba shi da sauran ciniki.

Kwana uku bayan haka na koma asibiti. Yaron yana kwance, zazzaɓin bai sauka ba. Tsohuwar ta zaro layun daga bakin zanenta ta miƙo mini, hannunta yana rawa, ta ce, "Ba a tauna taura biyu. Ko ya tashi ko bai tashi ba, na bar shi a hannun Mai shi." Yaron ya warke daga baya, mun kuwa gode wa Allah. Amma nasarar a ranar nan aka ci ta, tun ba wanda ya san ƙarshen ciwon, kamar yadda samari uku na Babila suka ƙi sunkuya wa gunki ko da ba za a cece su daga wuta ba (Daniyel 3).

Kai fa, mene ne ɗaure a ƙugun zuciyarka, wanda ka ajiye don ko da Allah ya makara?

Ya Uba, ka san tsoron da yake sa mu neman wata mafaka. Ka kwance mana kowace laya, ta fata da ta zuciya, ka koya mana dogara gare ka kaɗai, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.