'Yar Wani A Fili, Tawa A Ɗaki

A shekarar 2018, idan aka ɗauko zancen Salma al-Majidi a majalisarmu ta shan jabana a nan Mafaza, babu wanda ya kai ni baki. Ita ce macen da ke horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta maza, Al-Ahli ta Gadarif, babban birnin jiharmu, kuma ita ce Balarabiya ta farko da hukumar FIFA ta sani da wannan aiki. Duk wanda ya ce abin bai dace ba, ni ne mai tare shi. Nakan ce, ku dube ta da lulluɓinta a bakin fili, maza goma sha ɗaya suna bin umarninta, me ta rage wa addini ko mutunci?

Shekara biyar bayan haka aka gwada ni a cikin gidana. Da Wad Madani ta faɗi a watan Disamba na 2023, mutane suka kwararo jiharmu, wasu suka sauka a garinmu na bakin kogin Rahad. 'Yata ta fari takan kai wa matansu abinci, ta zauna ta saurare su. Da izininsu ta fara naɗar labaransu a waya, wasu da Larabci, wasu da Hausa. Wata rana bayan sallar isha'i ta durƙusa ta ce, "Baba, ina so in mayar da wannan shirin murya, in riƙa sa shi a intanet, irin wanda ake kira fodkas." Ban bari ta ƙarasa ba na ce ban yarda ba. Ta yi shiru, can ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ita Salma ba ta da uba ne?"

Tambayar nan ta hana ni barci. Shin halal ne mutum ya yaba wa 'yar wani a kan abin da zai hana tasa? Na ɗauko hujjojina na auna su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ita ce addini, wato batun muryar mace. Wannan ba ta yi nisa ba. Manyan sahabbai sun ɗauki hadisi daga bakin Nana A'isha. Mu kuma da kakanninmu suka taso daga ƙasar Hausa, wasu a kan hanyar hajji, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, mun san Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata da baki. Ni kaina na yi shekaru rediyo na manne a kunnena ina jin Jamila Tangaza a sashen Hausa na BBC, ban taɓa kashewa don mace ce ke magana ba.

Ta biyu ta fi nauyi, ita ce tsoro. Irin waɗannan sana'o'i ba su da tabbas ga mace. Gasar ƙwallon mata ta Sudan sai a watan Satumba na 2019 aka fara ta, ba a je ko'ina ba yaƙi ya tsayar da komai. Ko a ƙasashen da suka fi mu kwanciyar hankali haka abin yake: wasan sofbol na mata, da ake ji da shi a Amurka da Japan, an cire shi daga gasar Olamfik bayan 2008, sai a Tokyo ya dawo, aka sake ajiye shi a Paris a 2024. Ga zagin intanet, ga lokacin yaƙi da kalma ɗaya kan jawo wa mutum bala'i. Wannan tsoro gaskiya ne, ban janye shi ba. Sai dai maganinsa shiri: a ɓoye sunayen matan, a bar siyasa, in saurari kowane shiri kafin ya fita. Tsoro na sa a raka yaro rafi. Ni kuwa cewa na yi kada a je ɗebo ruwan.

Da na kawar da waɗannan biyu, sai ta uku ta fito, wadda nake ɓoye wa kaina: me za a ce a majalisa? Wato ba mutuncinta nake karewa ba, kujerata nake karewa. Laifi tudu ne. Yabon da nake yi wa Salma bai taɓa cina ko fam ɗaya ba, domin surutun mutane a kan mahaifinta ya sauka. Shi ya biya, ni na yi tafi. A ganina wannan shi ne zaluncin: muna son a samu likita mace, malama mace, muryar mace mai faɗa mana labari, amma a haife ta a gidan maƙwabci.

Ban ce kowane uba sai ya yarda ba. Wanda ya hana 'yarsa kuma bai yaba wa Salma ba, aƙalla maganarsa ɗaya ce. Matsalata baki biyu ne.

Da safe na kira ta na gaya mata sharuɗɗana, ta karɓa. Shirinta na farko labarin wata tsohuwa ce da ta baro gidanta da keken ɗinki kaɗai. Har yanzu idan na zauna a majalisa wani ya ce, "Malam, an ji muryar 'yarka," gabana yakan faɗi kafin in amsa da cewa, "I, tawa ce."